Masu Gayya a Bakin Gona

A can zamanin da, an yi wani manomi wanda bai taɓa zuwa gayyar kowa ba. Wata damina ciwon baya ya hana shi sunkuyawa, ciyawa ta rufe geronsa. Yana zaune a bakin gona sai ga maƙwabta, kowa da fartanyarsa. A garin kuwa ba a shiga gonar mutum sai da izininsa.

Babbansu ya ce, "Ɗan'uwa, ka ce mu shiga."

Manomi ya ce, "Me na taɓa yi muku?"

"Ba komai. Ka ce mu shiga."

Ya kau da kai. Kullum sai su dawo, su tsaya, ciyawa kuwa tana ta tsawo.

Ran nan ya ce a hankali, "Ku shiga."

Bai rufe baki ba, fartanyar farko ta sari ƙasa.