Waƙa ta Huɗu a Kaset ɗin Firdausi

Ranar da Firdausi ta fara tsayawa a bakin shagon Murtala, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, rediyo ta rungumo cikin hijabi kamar mai kai jariri asibiti. Watanni kaɗan ke nan da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, kowa na taka tsantsan da abin da ke fita daga lasifikarsa.

"Injiniya, rediyona yac cinye man kaset," in ji ta. "In rediyon ya mutu, Allah shi jiƙan shi. Kaset ɗin nika so."

Murtala ɗan Shinkafi ne, shekara shida yana gyaran rediyo, amma ran nan sau biyu sukuddireba na faɗuwa daga hannunsa. Ya zaro zaren kaset ɗin a hankali, ya sa reza ya yanke inda ya tauna, tsawon tafin hannu, ya liƙe da jan farce, ya naɗe da biro. Sannan ya rage murya ya gwada.

Sai ga ganga da jita sun ɓarke, wata Baturiya ta shigo da murya a dishe, tana ihu kamar an taka ta, can kuma ta sauko ta yi laushi har sai ka kasa kunne.

"Subhanallahi! Mi anka yi mata?"

Firdausi ta rufe baki tana dariya. "Ba a yi mata komi ba. Rok aka ce ma wanga kiɗi. Waƙa goma ta yi cikin kaset ɗin ga, kuma duk abin da ta rera a duniya babu wanda mutane sunka so awa shi. Ka jira ta huɗu."

Ta huɗun ba ta da hayaniya. Firdausi ta fassara masa: mace ce tsaye a tasha, jirgi zai tashi da wanda take so, ta rasa bakin da za ta ce ya zauna. Murtala bai ji ko kalma ɗaya ta Turancin ba, amma ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ya rasa gane muryar ce ta kama shi ko mai fassarar.

Ɗaliba ce a Poli, 'yar Zurmi, kaset ɗin kuma a akwatin marigayiya mahaifiyarta, Asta, ta tsince shi. Daga ranar rediyonta ya kamu da ciwon da ba ya warkewa, duk mako sai ya zo asibiti. Wasiƙunsu a cikin gidan kaset suke tafiya su dawo.

"Fiddo, na ji ta shida sau tara. Har yanzu ban san abin da take faɗa ba, amma na yarda da ita. Injiniyanki."

"Injiniyana, ta shida zagin wani take yi. Ka koma ta huɗu. Fiddonka."

Da izininta ya kwafi kaset ɗin a wani sabo. Kuma kamar yadda samari da yawa ke yi a lokacin, ya rubuta "Tafsiri na 3" a bayansa don kada a tambaye shi. Wannan dabara ta burge shi ƙwarai, bawan Allah.

Wajen kwafar ne ya zare takardar murfin, mai hoton mawaƙiyar da gashi a barbaje, sai wata 'yar wasiƙa ta faɗo: "Ki ji waƙa ta huɗu. Ita ce abin da na kasa faɗa miki." Babu suna.

Nan take zuciyarsa ta kawo masa Auwalu, ɗan ajin su Firdausi mai sabon mashin da Turanci kamar rediyo, wanda ke zarya a bayanta. Ashe waƙar da aka ce ya jira, wani ne ya fara aiko da ita? Mako biyu yana kumbure-kumbure. Da ya gaji ya nuna mata.

Ta juya takardar, ta sake juyawa. "Wallahi ban taɓa ganin ta ba."

"Cikin kaset ɗinki fa take, Fiddo."

"To ni mi zan ce maka? In kana shakka ta, ka hwaɗi. In ba ka yi, ka tahi Zurmi ka gaida Baba, don Auwalu ya riga ka."

Lalle ya riga shi, har ya shaida wa mahaifinta, Malam Atiku, cewa mai gyaran rediyon nan dillalin kaɗe-kaɗen Turawa ne. Malam Atiku kuwa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yanzu na'ibin limamin unguwarsu, ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga mai wannan sana'a.

Murtala ya ƙudura wanke kansa. Ran Juma'a ya sa farar shadda, ya sayi goro, ya kwashi kaset ɗin tafsiri uku daga kan kantar shagonsa, na ɗaya, na biyu, na uku, ya hau mota sai Zurmi.

A zaure ya samu tsohon da dattawa huɗu bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaida su, ya miƙa tsarabarsa.

"Madalla," in ji Malam Atiku. "Na ɗaya da na biyu ina da su. Na ukun ne ban samu ba."

Ya jawo rediyonsa ya danna, murya a ƙure saboda ɗaya daga cikin dattawan ba ya ji sosai.

Baturiya ta kurma ihu a zauren na'ibi. Wani dattijo ya zubar da butarsa, wani ya kama salati, mai nauyin kunnen yana ta tambayar wane malami ne wannan. Murtala ya ɗora hannu a ka. Malam Atiku kuwa ko motsi bai yi ba, ya ƙura wa rediyon ido, sai can ya kashe.

"Tashi ka tahi," ya ce.

Kwana tara Murtala bai san abin da yake gyarawa ba. Ya saka lasifikar wani a rediyon wani. A rana ta goma wasiƙa ta zo: "Injiniyana, Baba ya ce ka zo da kaset na asali da ke wurinka da duk abin da ke cikin gidansa. Bai yi faɗa ba, bai ci abinci sosai ba. Ni ma ban gane ba."

Wannan karon tsohon shi kaɗai ne. Ya karɓi kaset ɗin, ya buɗe wasiƙar, ya daɗe yana kallo.

"Rubutuna ne," ya ce. "Wurin wani direban jirgi daga Ikko nis saye shi, shekara biyu kahin a haifi Firdausi. Kunya ta hana ni yi ma Asta magana, sai na bari Baturiya ta yi man. Na ɗauka ya ɓace tun rasuwarta."

Murtala ya sunkuyar da kai. Ashe kishi yake da surukinsa.

"Laihinka biyu, yaro. Na hwarko, ka rubuta tafsiri bisa abin da ba tafsiri ba. Wanga ƙarya ce, kuma kada ka ƙara. Ni na daina saurare tun da daɗewa, amma ban taɓa ɓoye shi da sunan Littafin Allah ba."

"Na tuba, Baba."

"Na biyu, bayan tahiyarka na kulle ƙohwa na ji ta huɗu. Akwai wurin da Baturiyar takan ja numfashi kahin ta kira masoyin nata. Nan Asta ke rintse ido. Babu shi. Ina kak kai shi?"

Murtala ya laluba aljihu ya fiddo kwalin ashana. A ciki guntun zaren nan ne da ya yanke ranar farko, a naɗe tsaf.

"Ban iya yar da shi ba, Baba. Nata ne."

Tsohon ya kalli zaren, ya kalli yaron, ya sa bakin rawani ya goge ido.

"Yana gyaruwa?"

"In sha Allahu, amma muryar za ta ɗan yi rawa."

"Tawa ma rawa take yi. Ka gyara, sannan ka turo magabatanka daga Shinkafi."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a Zurmi, aka yi walima babu ganga babu jita. Da za a tafi da amarya Kaura, Malam Atiku ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Sannan ya saka kaset ɗin a hannun Firdausi, da tsohuwar wasiƙarsa a ciki, ya juya ga ango.

"Kai kuma, duk abin da ke ranka, ka hwaɗa mata da bakinka tun tana ji."

Murtala ya dubi amaryarsa a gaban kowa, gumi na keto masa.

"Fiddo, ina son ki."

Daga cikin lulluɓi ta ce, "Na ji, Injiniyana. Wannan ba sai an fassara ba."