Baƙin Mai a Ɗakin Alhaji Abarshi

Ran Talata da hantsi, sanyin Janairu na tsaka da cizo, aka buga waya komisariya, ofishin 'yan sandan Birnin Ƙonni, cewa wuta ta tashi a ɗakin Alhaji Abarshi, tsohon mai motocin haya, kuma an fito da shi ba rai.

Da Sufeto Sharifu ya iso an riga an kashe wutar. Mutari, babban ɗan mamacin, wanda ke riƙe da garaji da motocin uban, yana tsaye yana nuna ƙanwarsa Basira da yatsa. Basira mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma shekara huɗu ke nan ita ke jinyar uban tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Tana zaune a ƙasa, sawun yatsu a kumatunta, tafukanta duka biyu sun saluɓe.

"Ita ta kashe shi, ranka shi daɗe," in ji Mutari. "Sau nawa ina hana ta shanya tufafi bisa hita? Ga zanen nan a ƙone. Ku tahi da ita. Ba ta ganin gawarshi, kuma ba ta ƙara kwana gidanga, ita da ɗiyanta."

"Wa ya mare ta?" in ji Sufeto.

"Ni."

"To ka mayar da hannunka aljihu. Hukuma ta iso."

Sufeto ya shiga ɗakin. Hitar tana kwance a gefen gado, irin mai haƙarƙarin ƙarfen nan da 'yan tayoyi, wadda mai ke cikinta. In an jona ta da lantarki man ya yi zafi, ɗaki ya ɗumama ba gawayi ba hayaƙi. Wani ɗan Alhaji da ke aiki a Arlit ne ya aiko ta shekara uku da suka wuce.

Ya durƙusa ya dangwali abin da ya malala a siminti, ya murza, ya sunsuna. Baƙi ne wuluk, da warin garaji, da ɗan tashin fetur. Ya ɗaga zanen ya duba. Gefe ɗaya kawai ya ci wuta, babu shatar haƙarƙarin hita a jikinsa ko ɗaya.

Ya fito ya tsuguna gaban Basira.

"Baiwar Allah, ina zanen nan yake lokacin da wuta ta tashi?"

"Jikina yake. Na tahi dama mishi kunu, sai na ji ƙara kamar taya ta hwashe. Da shi na riƙa bugun wutar. Na ja Baba har bakin ƙofa, hayaƙi ya riga ni."

"Kin faɗa wa yayanki haka?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ba wanda ya tambaye ta. Haka mutane suke, inda katanga ta gajarta nan kowa ke ƙetarawa.

Sufeto ya sa aka ɗora hitar a bayan mota, ya nufi shagon Dogo mai gyaran lantarki, wanda aka ce shi ya ja wutar gidan.

"Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinta ba, yallaɓai."

"Ikon Allah. Kai ka kafa soket ɗin da ake jona ta, amma idonka a rufe ka yi aikin? Juya min ita."

Dogo ya kifa ta. A gindinta akwai huda irin ta injin huji, bakin hudar da guntun robar tayar mota a manne. Sufeto ya nuna hudar da yatsa.

"Haka ake sayar da ita?"

"A'a. Liƙe take tun daga kamfani. Manta ba a canza shi, ba a ƙara shi, har ta mutu. Kuma ba a cike take ba, ana bar mata sarari a sama don in mai ya yi zahi shi samu wurin kumbura."

"Ka san duk wannan game da abin da ba ka taɓa gani ba?"

Zufa ta karyo wa Dogo, cikin wannan sanyi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Sati biyu ke nan Alhaji Mutari ya kawo min ita, wai in buɗe a yi mata bidanji, juyen mai irin na mota. Na ce mishi ba a yi. Ya ce ni ɗan jiya zan koya mishi inji? Ya ɗauki abinshi."

"Kuma ɗazu ka ji ana cewa Basira ce, ka ja bakinka ka tsuke."

"Yallaɓai, shagon nan nashi na."

"Shago. An mari marainiya a gaban gawar ubanta, kai kana tunanin shago. Rufe shi ka biyo ni, za ka maimaita abin da ka faɗa."

Garajin Mutari yana kan hanyar Tsarnawa. Sufeto ya bi kusurwa kusurwa yana dubawa. Bayan tarin tsofaffin tayoyi ya ci karo da robar ruwa ta lita biyar, rabinta mai ne garau, mai ruwan zuma, irin wanda ba ya fita daga cikin mota. Mai mota ba ya zubar da mai, ko da ba ya da abin yi da shi.

Kafin la'asar ya koma gidan. Likita ya gama duba gawa, an yi wanka, jama'a sun cika ƙofar gida suna jiran sallah. An fitar da ƙullin kayan Basira an ajiye a zaure. Sufeto ya dire robar a gaban Mutari, Dogo na tsaye a bayansa.

"Man mene ne wannan, Alhaji?"

"Man birki."

"Shekara talatin kana cikin mota, a gaban direbobinka za ka kira wannan man birki?"

Wani tsohon direba ya leƙa ya girgiza kai. Mutari ya dubi Dogo, Dogo ya dubi ƙasa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Wane inji ka shekara ukku da mai guda?" Mutari ya faɗa da ɗaci. "Gani na yi ɗakin bai zahi kamar da. Na huda ta, na juye nata, na ɗura na injin mota har baki, na toshe da ƙusa da roba. Galan ɗin da na ɗebo man da shi an taɓa zuba fetur ciki, ban ɗauraye ba. Ubana na, Sufeto. Gata na so in mishi."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. An gaya maka ba a yi, girman kai ya hana ka ji. Wannan tsakaninka da alƙali. Abin da ya ƙona min rai daban ne. Tun da ka shiga ɗakin nan ka ga baƙin mai a ƙasa, ka san aikin wa ne. Ka san shi kafin ka ɗaga hannu ka mare ta?"

Mutari ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji.

"Da ƙarfi, Alhaji. Da ƙarfi ka tsine mata da safe."

"Na sani."

Salati ya bi cikin jama'a ƙasa-ƙasa. Sufeto ya ciro ankwa.

"Ka bari in sallaci ubana," in ji Mutari.

"Za ka sallace shi da ɗan sanda a kowane gefe, daga maƙabarta sai komisariya. Amma makarar nan ba ta fita yanzu." Ya juya wajen mata. "A mayar da kayan nan ciki. A kira Basira."

Ta fito, hannuwanta naɗe da bandeji. Maza suka dare suka ba ta hanya. Da ta zo daidai Mutari sai ya ce, "Basira, ki…"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta shiga inda aka shimfiɗe uban, ta durƙusa, ta daɗe. Liman da manyan gari suna tsaye a waje cikin sanyi, ba wanda ya ce ta yi sauri.