Ɗakin Da Mai Sifana Ya Zaɓa Mini

"Haɗa kayanki, Auta. Yau za mu koma gida."

Ko zama Yaya bai yi ba. Yana tsaye a tsakiyar ɗakina, akwatina a hannunsa, ni kuma ko farin kayan aikina ban cire ba.

"Yaya, gobe ina da aikin safe."

"Asibitin ya nemi wata nas. Mama ta ce kar in dawo ba ke."

Ya miƙo mini wayarsa. Wata mata ce ta rubuto masa doguwar takarda. Wai akwai wani a zauren intanet da yake jan 'yan mata baƙi zuwa unguwarsa da sunan shawara, kuma ƙanwarsa ta faɗa hannunsa.

Na gane mai rubutun. Dillaliyar gidaje ce, wadda na taɓa ba lambar Yaya a matsayin mai tsaya mini, kafin in ƙi ɗakinta.

Wata huɗu ke nan da aka turo ni aiki wannan gari, ban san kowa ba. A zauren sababbin zuwa na yi tambaya: ina zan kama ɗaki? Mutum ashirin suka ce unguwar da ke bayan asibiti, dillaliyar tana gaba. Mutum ɗaya, mai kiran kansa Mai Sifana, ya rubuta layi uku:

"Kar ki duba fenti. Ki je da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da kowa ke wanka, ki buɗe famfo. In ya kawo, ki kama."

Na je. Famfon dillaliya ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na wani gida da Mai Sifana ya kwatanta mini daga baya kuwa sai da ya jiƙa mini takalmi.

Daga nan tambayoyina suka yi yawa, amsoshinsa suka fara tsawo. Mai gyaran famfo ne, ya san garin ta ƙarƙashin ƙasa. Ranar da na fara ganinsa, tsatsa ce a gwiwar wandonsa, ya kasa haɗa ido da ni... ni kuma na kasa daina kallonsa.

"Yaya, ka ba ni awa biyu," na ce. "Zan kira shi. In ka ji bakinsa ba ka gamsu ba, ni da kaina zan ɗauki akwatin."

"Awa biyu? Ba nan unguwar yake ba?"

"Ka dai zauna."

Ya zauna yana duba agogo. Na dafa masa shayi ya ƙi sha. Awa ɗaya ta wuce. Da rabi.

"Kin gani? Ya gudu."

"Yana hanya."

Sai ga sallama. Ya shigo da jakar aikinsa a kafaɗa, gumi har wuya, ya durƙusa ya gaida Yaya.

"Daga ina?" in ji Yaya.

"Daga gida, ranka ya daɗe. Can ƙarshen gari, bayan masana'antu. Mota biyu ce, ta biyun kuma sai ta cika take tashi."

Yaya ya dube ni, ya dube shi.

"An ce unguwarku ka jawo ta."

"Da na so haka, da na yi. Akwai ɗaki a gidan gwaggota, ƙofa uku da tamu, har yau babu kowa a ciki."

Na ɗago kai. Wannan ban taɓa ji ba.

"Me ya hana ka gaya mata?"

"Ruwa ba ya hawa can sai an ja da guga. Kuma mai tashi aikin safe ba za ta iya mota biyu ba." Ya sunkuyar da kai. "Gara ni in riƙa yin tafiyar."

"Kullum kake yin ta?"

"Ranar hutunta kawai. Sauran kwanakin sai dai in yi ta a zuci."

Na danne dariya da bakin mayafina. Yaya bai yi dariya ba.

"Ka iya ba mutane shawara a waya. Kai wa ya ba ka shawarar ka nemi ƙanwata wata huɗu, ba ka san hanyar gidanmu ba?"

"Babu. Nan kam na yi kuskure, kuma ba zan kare kaina ba."

"Laifin namu ne mu biyu," na ce. "Ni na ce ya jira in zauna da gindina a wurin aiki. Yaya, ban ɗauki maganar kowa ido rufe ba. Duk abin da aka faɗa mini a zauren nan sai da na je na gwada da hannuna. Shi ma na gwada shi. Ina son sa, kuma ba zan bar aikina ba."

Yaya ya jawo kofin shayin da ya huce, ya shanye shi tas. Sannan ya kira Mama, ya sa wayar yadda duk za mu ji.

"Kun taso?" in ji ta.

"Ni kaɗai zan taso, Mama. Amma ranar Asabar za ki yi baƙo."

"Wane irin baƙo?"

"Irin wanda ake share tsakar gida dominsa."

Mama ta ce, "Ba ni Auta." Na karɓi wayar.

"Kina son sa?"

"Sosai, Mama."

"To ki ci abinci, muryarki ta rame."

Da Yaya ya fita neman mota, Mai Sifana ya tsaya a bakin ƙofa yana murza igiyar jakarsa.

"Nas ɗina... ashe haka kike da baki?"

"Ba ka ji komai ba tukuna, masoyi. Ka sayi sabon wando kafin Asabar."

Bayan wata uku aka ɗaura mana aure. A cikin sabon wandon nan ya zo.