Ba a Iri Yake Ba

A Karakkai kowa ya san halin Abdulsamad. Mata kan ce yaron kirki ne, sai dai bakinsa bai iya "yi haƙuri" ba. In ya ɓata maka, gobe za ka ga ƙullin gyaɗa a ƙofarka. Muzdalifa ma, wadda aka sa musu rana, ta sha tsokanarsa da haka.

"Ranar da ka ce mini yi haƙuri, rabin raina, sai na yi sadaka."

Sai ga ƙullutu ya fito mata a wuya. Aka ɗauka maƙoƙo ne. Asibiti a Gusau suka yanke, suka tura tsokar Legas, sakamako ya dawo: kansa ce. Abdulsamad na tsaye bayan mahaifinta, Malam Labbo, lokacin da likita ke cewa ƙwayoyin halittar wurin sun sauya tsari.

Da ya koma gida, mahaifiyarsa Inna Hanatu tana tsince dawar shuka a faifai.

"Mi likita ya ce?"

Ya rasa yadda zai faɗa mata ta gane. "Wai... ƙwayar irinta ce ta samu matsala."

Hannun Inna ya tsaya cak.

"Iri? Ɗan nan, mu manoma ne. Irin da ya lalace ba a kai shi gona. Jikokina za ta shafa."

Kafin sati ya zagayo an aika Tsafe, garinsu Muzdalifa, cewa a dakata da maganar aure. Muzdalifa ta daina ɗaga wayarsa. Ya kai gyaɗa, ya kai zuma, ƙanenta ya dawo masa da su a bakin zaure.

Abdulsamad ya hau babur ya koma Gusau, ya zauna a benci har likitar ta sallami kowa.

"Likita, don Allah... 'ya'yanta za su gada?"

"Wa ya ce maka gado ne?" Ta cire tabarau. "Mahaifinta ya ba ni labari: tana ƙarama an yi mata gashi da hasken na'ura a wuya, saboda wani ciwon. Gashin ya ceci ranta. Amma hasken nan kan tsinka zaren halitta, in jiki ya zo ɗaurawa sai ya haɗa bakin da ba nasa ba. Irin wannan haɗin muka gani, kuma an fi ganinsa ga waɗanda haske ya taɓa suna yara. A wuyan kaɗai ya tsaya. Ba a haife ta da shi ba, ba za ta haifar da shi ba."

"Za ta warke?"

"Wannan nau'in yana jin magani sosai. Amma ta bar zuwa a duba ta. Ta ce wai don wa za ta warke."

Bai san yadda ya isa Karakkai ba. Ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, in rana ta ƙone kan dawa guda, zubar da irin gidan ake yi?"

"Wane irin zance ne wanga?"

"Nata ke nan. Ƙuna ce, ba iri ba. Ni na faɗa miki ba daidai ba."

Inna ta ajiye faifan. Sannan ta ce, "Miƙo min mayafina."

A Tsafe, Malam Labbo ya karɓe su ba yabo ba fallasa. Inna ta shige ciki wajen mata. Can Muzdalifa ta fito zaure, ta rame, gyale naɗe a wuyanta. Muryarta a dishe take tun bayan aikin.

"Yau kuma mi ka kawo? Gyaɗa?"

Ya buɗe hannuwansa. Babu komai.

"Har gidan biki an nuna ƙanwata Wasila da baki," ta ce, hawaye na zuba. "Wai irinmu ba shi da kyau. Ciwon bai kashe ni ba, Abdulsamad... kalmar nan ce ta kusa. Wa ya fara faɗinta?"

Zai iya cewa mutane ne. Ta labule yana jiyo muryar Inna tana kiran uwar Muzdalifa da suna. Malam Labbo na bakin ƙofa, bai matsa ba.

Ya zube a kan tabarma, ya ɗaga murya yadda na ciki za su ji.

"Ni ne. Daga bakina ta fito. Muzdalifa, na cuce ki, na cuci gidanku... Don girman Allah ki yi haƙuri."