Ranar da Kafinta Ya Ƙi Abincin Kaka

Gara in faɗa tun da fari, wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Tsufa ya zo, garuruwan da na zauna sun cakuɗe a kaina. Na manta launin ƙofar gidan, na manta waƙar da aka rera ranar auren, har ranar da abin ya faru ma ta ɓace mini, ko Talata ce, ko Laraba, ko Alhamis. Mutanen dai ban manta da su ba. A lokacin ina haya a wani ɗaki bayan shagon wani saurayi kafinta, ina fama da tsofaffin littattafaina. A saman shagon akwai wata 'yar majami'a, wadda ake hawa ta wata doguwar matakalar siminti, tsaye ƙyam, babu abin dafawa.

A ƙarshen layin gidan Kaka yake. Ita ta reni jikarta Auta tun rasuwar iyayenta, har ta girma ta zama tela, tana kuma cikin mawaƙan majami'a. Keken ɗinkinta na bakin taga a falo, kujerar Kaka na kusa da shi.

Da safen ranar Auta ta tsayar da keke ta ce, "Kaka, yau fa zai zo."

"Wa? Mai gyaran famfo?"

"Kai, Kaka! Kafinta mana!"

"Au, mai garin katako a ka? Wanda in ya rako ki yake tsayawa a bakin layi kamar an dasa shi? To, gaishe ni zai zo yi, ko sace mini ke?"

Auta ta rufe fuska da ƙyallen da take ɗinkawa tana dariya. Ta ce ƙungiyar bishara ce za ta fita gida-gida, an raba su biyu-biyu, shi kuma ya roƙa a ba shi layinsu. "Ya ce in ya gama aikin Ubangiji zai gabatar da kansa. Don Allah, Kaka, kada ki tsokane shi, kunya gare shi."

Kaka ta dafa gwiwa, ta dafa bango, ta miƙe a hankali ta nufi kicin. Ta aika aka sayo kaza, ta ɗora shinkafa, ta yi miya da hannunta, ta hana Auta taɓa komai. Sai da miyar ta nuna ta miƙo mata cokali.

"Zo ki ɗanɗana mini gishiri."

"Ke ba ki da harshe ne, Kaka?"

"Ɗanɗana na ce, uwar surutu."

To, a nan sai in bayyana tsarin majami'ar. Kafin masu bishara su fita, sukan yi yini guda suna azumi da addu'a. Amma ranar fita Fasto ya kafa doka: kowa ya buɗe baki tun a gida, kuma duk gidan da aka miƙo maka abu, ko ruwa ne, ka karɓa da godiya. Kafinta ya san dokar sarai. Sai dai ya daɗe yana jin ana cewa a majami'a Kaka ta ja da baya, shekaru ke nan ba a gan ta a sujada ba. Ya ƙudurta a ransa shi zai komo da ita, ya zama kyautarsa ta farko ga Auta. Don haka ya zarce da azumi bai gaya wa Fasto ba, leɓensa ya bushe, zuciyarsa kuwa cike da jin ya yi abin kirki.

Da rana suka iso, shi da abokin tafiyarsa, wani dattijo direba mai tumbi da fara'a. Aka gaisa. Auta ta kawo tire ta ajiye, Kaka ta buɗe kwano da kanta, turiri ya tashi.

"Ku matso, 'ya'yana. Kai mai zarto, cinyar nan taka ce."

Direba ya riga ya wanke hannu. Kafinta kuwa ya ja da baya, ya gyara murya.

"Na gode, Kaka, amma azumi nake yi. Dominki ma nake yin sa."

"Domina?"

Direba ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Bai ji ba. Ya miƙe tsaye ya shiga magana a kan sanyin zuciya, da yadda mutum kan yi nisa da Ubangiji a hankali bai sani ba, da cewa ƙofar tuba a buɗe take ko ga mai furfura. Maganar tana da kyau, na ji an ce har da hawaye a idonsa. Miya dai ta huce.

Kaka ta bari ya kai aya, sannan ta mai da murfin kwano.

"Ka gama? Madalla. Auta, raka waliyyi ƙofa, kada warin abincinmu ya karya masa azumi."

Da suka fita, Auta ta durƙusa gaban kujerar ta kama ƙafafunta. "Kaka, ki yi haƙuri — bai sani ba ne!"

"Bai sani ba, ya tambaya? Ya shigo gidana, bai ce yaya jiki ba, ya ture mini kwano, ya tsaya a kaina yana auna mini zunubi! Ki ji da kyau: wanda ya fi ƙarfin abincina ya fi ƙarfin jikata. Ba zan sa albarka ba."

"Ki bari in gaya masa dalilin da ya sa ba kya zuwa..."

"Kul! Alkawari kika yi mini. In kika buɗe baki, ni da ke ne."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Kalma ɗaya za ta faɗa wa Kafinta komai ya warware, amma kalmar ba tata ba ce, amanar tsohuwar da ta goye ta ce.

Washegari Auta ta zo shagon. Bangon da ke tsakanina da shi katako ne, saboda haka ko ban so ba sai na ji.

"Yanzu laifi ne mutum ya yi azumi?" in ji Kafinta, yana goga katako da ƙarfi. "Bari in kai maganar gaban dattawan ikilisiya, su za su ɗaura mana aure ai, ba ita ba."

"In ka kai, ka nemi wata amaryar," Auta ta ce. "Ina son ka, ka sani. Amma ba zan taka Kaka in shiga gidanka ba. Zan jira, ko shekara nawa ne."

"To me zan yi?"

"Ka koma. Ka zauna a ƙasa, ka ci abin da aka ba ka, ka yi shiru. Iyakar abin da zan iya faɗa maka ke nan."

Direba yana zaune a kan benci yana sauraro, sai ya sa baki. "Ɗana, azumin nan naka, domin Allah ka yi shi ko domin unguwa? Ni tun kafin a haife ka nake fita bishara, ban iya wa'azi ba, amma ba gidan da aka taɓa korata. Ka san dalili? Ina ci. Mutum ba ya buɗe maka zuciyarsa kana tsaye a kansa. Ka jawo mini asarar cinyar kaza kuma, wannan sai dai Allah ya yafe maka."

Kafinta ya ajiye abin gugar. Da yamma na ji shi yana addu'a a hankali, wannan karon ba domin Kaka ba.

Tun daga nan, kullum in rana ta take sai ya rufe shago, ya sa cokali a aljihun riga, ya tafi ya zauna a dokin ƙofar Kaka.

"Wane ne?"

"Ni ne, Kaka. Yunwa nake ji."

"Waliyyai suna jin yunwa? Je ka ci iska."

Sai ya ce to, ya zauna har lokacin komawa aiki ya yi. Bai yi wa'azi ba, bai ba da hanzari ba. Ya ga ƙofar tana ƙara, ya gyara. Ya ga ƙafar benci ta karye, ya ɗaure. Maƙwabta suka yi ta dariya, samarin majami'a suka sa masa suna Mai Cokali. Auta tana jin komai daga bakin taga, tana taka keke tana share hawaye, ba ta fito ba. Makonni suka wuce haka, nawa ne ban riƙe ba.

Wata rana ƙofa ta buɗe. Kaka ta ce, "Shigo, kada ka mutu a ƙofata a ce ni na kashe ka." Ta turo masa tukunya, babu komai ciki sai ƙanzon shinkafa da ya ƙone. Ya zauna a ƙasa ya fito da cokalinsa, ya yi godiya, ya kankare tukunyar tas.

"Da daɗi?"

"Da ɗaci, Kaka. Amma in da ƙari zan ci."

Kaka ta kau da kai don kada ya ga murmushinta. Ta yunƙura za ta kawo masa ruwa, ta dafa gwiwa, ta dafa bango. Shi kuma da yake a ƙasa yake zaune, sai idonsa ya kai inda bai kai ba ranar da yake tsaye. A jikin bangon akwai wani layi da fenti ya goge, daidai tsayin hannu, tun daga kujerarta har ƙofar kicin. Ya dubi layin, ya dubi yadda take jan ƙafa. Cokali ya faɗi daga hannunsa.

"Kaka... matakalar ce?"

Keken ɗinki ya tsaya. Kaka ta juyo ta harari Auta.

"Ban faɗa ba, Kaka! Allah ya sani ban faɗa ba!"

Tsohuwa ta koma ta zauna. Can ta ce, "Zuwana na ƙarshe da rarrafe na hau, kamar jaririya, da sabon zanena. Mutane suna bayana suna jira, kowa ya kau da kai don kunya. Wani ya ce a ɗauke ni. Ni buhu ce? Na ce ba za a sake ganina haka ba. Ran Lahadi nakan buɗe tagar nan, in iska ta juyo ina jin waƙarku. Muryar yarinyar nan ma ina gane ta."

Kafinta ya fashe da kuka kamar yaro. "A ƙarƙashin matakalar nan nake aiki kullum, Kaka! Da guduma a hannuna! Na yi ta ƙidaya waɗanda ba sa zuwa, ban taɓa ɗaga kai na duba abin da ya hana su ba. Ki gafarta mini."

"Share hancinka, ka ɓata mini tabarma."

Ya nemi izinin Fasto da mai ginin. Satin nan ban yi karatun kirki ba saboda ƙarar zarto. Ya kafa abin dafawa a kowane gefe, ya goge shi sumul don kada ya soki hannu, ya yi ɗan benci a inda matakalar ta karya kwana, domin mai hawa ya huta.

Ran Lahadi Kaka ta fito da sabon zanen nan. Ta hana kowa riƙe ta. Ta kama katako ta hau a hankali, ta zauna a bencin ta huta, ta sake tashi, Kafinta na bayanta bai taɓa ta ba. Da ta kai sama mawaƙa suka kasa ci gaba, domin Auta ta rushe da kuka a tsakiyar baiti. Bayan sujada Kaka ta kira su biyun, ta ɗora hannun Auta a kan nasa.

"Ga ta nan, Mai Cokali. Allah ya yi muku albarka. Amma duk ranar da ka ture mata kwano, zan hau kowace irin matakala in same ka!"

Kafin wata ya ƙare, wasu tsofaffi da aka daɗe da cewa sun ja da baya suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, suna rigimar wa zai fara zama a bencin.

Ku matasa masu himma, ku riƙe wannan. Azumi abu ne mai kyau, amma tsakaninka da Ubangijinka yake, ba sanda ba ce ta dukan wani. In kun shiga gida da bishara, ku zauna, ku karɓi abin da aka ba ku, ku saurara kafin ku yi magana. Ku 'yan mata kuma ku dubi Auta: ba ta ci amanar wadda ta rene ta ba, ba ta saki wanda take so ba, ta yi haƙuri har ta sami duka biyun.

Saura maganar ranar da na ce ta ɓace mini. Bayan shekaru hanya ta sake bi da ni ta garin. Kaka ta riga mu gidan gaskiya, na tarar da Auta a bakin tagar nan tana ɗinka wa 'ya'yanta kaya. Na tambaye ta ko ta tuna.

"Laraba ce, Malam," ta ce.

"Kin tabbata, 'yata?"

"Ba shakka. Tun ina ƙarama Kaka ba ta taɓa sa komai a bakinta ran Laraba ba sai rana ta faɗi, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Shi ya sa ta ce in ɗanɗana mata gishiri."