Baƙin Kayan Nokwanda

Nokwanda na tsugune tana tuƙa tuwon masara surukarta MaNtuli ta shigo, ta dire mata jakar kayanta a gaba. Ko sannu babu. Wai gobe ta bi motar Durban, gidan Sphamandla ba masaukin baƙi ba ne.

Wata huɗu ke nan da rasuwar mijinta Sphamandla. Rigakafi aka yi masa tare da ɗaruruwan mutane, kowa ya tafi lafiya, shi kaɗai ƙafafunsa suka mutu. Shekara biyu Nokwanda na ɗagawa tana kwantarwa. Ita ta cike masa takardun neman diyya, yana tsokanarta wai rubutunta kamar kaza ta yi tono. Danginsa kuwa ko leƙe, don tun farko ba su so auren ba. Ya cika kafin a yanke hukunci. Da ofishin diyyar ya aiko cewa maganar ba ta mutu da shi ba, matarsa za ta tsaya a madadinsa, sai ga son ɗa ya motsa a zukatan dangin! Takardar shaidar biyan shanun sadaki da ke hannunsu ma nan take ta yi ƙafa.

"Mama, ba kuɗin ke ƙona min rai ba," in ji Nokwanda. "So kike a ce ban taɓa zama matarsa ba."

Ba ta hau motar ba. Ranar zama a ofishin diyya, MaNtuli ta rantse ɗanta bai taɓa aure ba, dadiro ce kawai ta liƙe masa. Jami'ar ofishin ta dubi Nokwanda, sanye da baƙi tun daga ɗankwali har takalmi, ta tambayi wa ya sa mata kayan takaba.

"Ni mana!" in ji MaNtuli da gadara. "Ni na zaunar da ita kan katifa kwana bakwai, ta san ɗana ba banza ba ne."

Kowa ya san a al'adarsu dangin miji ba sa zaunar da dadiro kan katifar makoki. Da maƙwabta suka ƙara shaida, aka rubuta sunan Nokwanda kusa da na mijinta. Ta shafa rubutun, ta fashe da kuka.

Don su gana mata azaba suka sa mata baƙin kayan, su ne kuma suka tsaya mata. Duk mai zaluntar mai haƙuri ya sani, da hannunsa yake tara masa hujja.