Gwangwanin da Ya Kori Balena

A garin Samana, a bakin teku, akwai wata yarinya mai yawan surutu. Babanta masunci ne. Kakanta Fermin kuwa yana da ƙaramin jirgin ruwa mai inji. Da shi yake kai baƙi kallon balena.

Balena dabbar teku ce, ta fi motar bas tsawo. Siffarta ta kifi ce, amma nono take ba ɗanta. Duk shekara sukan zo ruwan Samana su haihu, saboda ɗuminsa.

A shekarar nan Goggo Ondina ta zo hutu daga New York. Tun tana budurwa ta tafi, ba ta sake ganin balena ba. Gaishe-gaishen dangi sun cinye mata hutun.

Ta ce wa Kaka, "Baba, gobe zan koma. In ban ga balena yau ba, kamar ban zo gida ba ne."

Ya ce, "To cire takalman nan masu tsini. Jirgina ba otel ba ne."

Yarinya ta ce, "Kaka, ni ma zan je?"

"Za ki iya rufe bakinki?"

"Zan iya."

"Tun da aka haife ki ban gani ba. Shiga."

Suka kama hanya da sassafe. Ruwa shuɗi shar, bishiyoyin kwakwa suna ta ƙanƙancewa a bayansu. Da suka yi nisa, sai suka tarar da wasu jirage suna jira. A Samana ba a taruwa a kan balena. Jirage kaɗan ne suke matsawa, saura su jira layi daga nesa.

Suka yi ta jira har rana ta yi zafi. Daga nan aka kira Kaka ta oba-oba, aka ce layi ya zo kansa.

Ya matsa a hankali, ya rage inji. Can gabansu sai ga feshin ruwa ya tashi sama. Wani baƙin abu ya bayyana, ya sake nutsewa.

Kaka ya ce a hankali, "Uwa ce da ɗanta."

Goggo tana neman tabarau a jaka. Ta ɗago ta ce, "Ina? Ban gani ba."

Yarinya ta ji tausayinta. Sai ta tuna abin da babanta yake yi. In ya shimfiɗa tarun kamun kifi, yakan buga jikin kwalekwale, kifaye su taso su faɗa ciki. Ta ce a ranta, ai balena ma za ta taso.

Ta ɗauki gwangwanin kwashe ruwa. Ta shiga dukan jikin jirgi da ƙarfinta. Kwam, kwam, kwam.

Kafin Kaka ya riƙe hannunta, balena ta ɗaga wutsiya daga nesa, ta nutse. Aka jira, aka jira. Ba ta sake fitowa ba. Ta ja ɗanta sun tafi.

Jirgin da ke bayansu a layi ya matso. Kyaftin Rufino ne, abokin Kaka, jirginsa cike da 'yan makaranta.

Ya ce, "Fermin, yaushe ka ɗauki makaɗi aiki? Da ka faɗa mana, da mun zo da 'yan rawa."

Kaka bai yi dariya ba. Ya dubi yarinya ya ce, "Tashi. Faɗa musu wanda ya yi."

Ta miƙe. Ta ce, "Ni ce. Na ɗauka za ta taso kamar kifi. Ku yi haƙuri."

Wani ƙaramin yaro a jirgin ya ce, "Tun asuba muke jira." Wannan maganar ta fi yi mata zafi.

Kaka ya juya jirgi zuwa ƙaramin tsibirin da ake cin abinci. Yashi fari tas. Goggo ta sayo shinkafa da kifi mai miyar kwakwa, da soyayyar ayaba. Yarinya ta kasa ci.

Ta ce, "Goggo, na ɓata miki hutu."

Goggo ta ce, "Ci abincinki. Ni da ina kamarki, hular babanki na jefa wa balena."

Kaka ya ce wa yarinya, "Kifin da babanki yake buga wa jirgi, tasowa yake don yana son kiɗa?"

Yarinya ta yi tunani. Ta ce, "A'a. Tsoro yake ji."

"To. Ita wannan balenar daga ƙarshen duniya ta zo, ba ta ci komai ba a hanya. Wuri mai shiru take nema wa jaririnta. A ruwa ƙara takan yi nisa fiye da a tudu."

Bayan azahar iska ta fara tasowa. Kaka ya dubi sama, ya dubi Goggo. Ya ce, "Sau ɗaya za mu ƙara gwadawa."

Wannan karon bai shiga layi ba. Ya tsaya can gefe, nesa da kowa. Ya ce wa yarinya, "Sa kunnenki a ƙasan jirgi."

Ta kwanta, ta manna kunne a katako. Da fari ba ta ji komai ba sai ruwa. Sannan ta ji wata murya mai zurfi, tana hawa tana sauka, kamar saniya tana waƙa a cikin rijiya. Tsigar jikinta ta tashi.

Kaka ya ce, "Namijin balena ne yake waƙa. Da kina buga gwangwani, da kin ji shi?"

Ta girgiza kai. Ta jawo hannun Goggo, ita ma ta kwanta ta saurara.

Suna nan shiru, sai suka ji wani numfashi mai ƙarfi a kusa. Suka ɗago. Ga uwar nan, ta zo da kanta. Bayanta baƙi ne mai sheƙi, hannayenta dogaye farare. Ɗan yana manne a gefenta, yana koyon feshi. Uwar ta tallafe shi da kanta, ta ɗaga shi sama ya shaƙi iska.

Ihu ya zo wa yarinya har maƙogwaro. Ta haɗiye shi. Ta zauna a kan hannayenta.

Goggo ba ta ko taɓa wayarta ba. Hawaye kawai suke zubo mata.

Yarinya ta raɗa wa Kaka, "A kira Kyaftin Rufino. Yaran nan ba su gani ba."

Kaka ya ɗauki oba-oba. Ba da daɗewa ba jirgin Rufino ya iso a hankali, yaran duk sun leƙo.

A hanyar gida Kaka ya ce, "Me kika koya?"

Ta ce, "In ban san abu ba, in tambaya kafin in yi. Kuma dabba ba a tilasta mata. In ka yi shiru ka jira, ita za ta zo."

Kaka ya miƙa mata gwangwanin. Ya ce, "Ga aikinsa. Kwashe ruwan nan, ya jiƙa wa goggonki ƙafa."